Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu gidajen abinci da otal-otal na Maradi, kan kuɗin "sarbis"

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, iyayen gida.

Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙurin kasuwa. Kafin in shiga abin da ya kawo ni, ku sani mai wannan takarda ba baƙon sana'arku ba ne. A rumfar tuwon gwaggona na tashi, a bakin tashar mota. Tun ban kai shekara goma sha biyu ba nake wanke kwanuka, ina kai wa direbobi ruwan wanke hannu, ina hura wuta har idona ya yi ja. Na san nauyin tukunyar shinkafa, na san yadda ƙafa ke kumbura idan mutum ya wuni a tsaye, na kuma san abin da ake ji a zuci idan wanda ka yi wa hidima ya tashi ko kallonka bai yi ba. Yau ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a kujerar mai ci. Saboda na zauna a wuraren biyu ne na ga ina da bakin magana.

Wata ranar Alhamis abokin cinikina ya zo daga Katsina, shi da ƙanensa da babban ɗansa. Sun biyo ta Jibiya, suka tsallako Ɗan Isa, suka iso gari kafin azahar. Mutumin nan duk lokacin da na je wajensa ba ya barina in taɓa aljihu, don haka na ce yau ranar ramuwa ce. Bayan mun yi salla na kai su ɗaya daga cikin sababbin wuraren nan masu kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, da farin ƙyalle a kan tebur. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba tonon asiri na zo yi ba, kuma na ji labarin irin abin a wasu wuraren ma.

Muka ce a kawo gasassun zabbi biyu da shinkafa da soyayyen dankali da lemo. Muka zauna. Muka gama hirar iyali, muka gama ta farashin gero, muka shiga ta naira da sefa, abinci shiru. Sau uku ina neman ruwan sha. Da kwanukan suka iso an kusa kiran la'asar, shinkafar ta huce, zabuwa ɗaya kuma ta rikiɗe ta zama kaza, ba wanda ya ce mana uffan a kan haka. Baƙona mutum ne mai kawaici, ya ci ya yi hamdala. Da aka kawo faktir, wato takardar kuɗin abin da muka ci, sai na ga kuɗin abinci jika 22, wato sefa dubu 22, a ƙarƙashinsa kuma wani layi da Faransanci: sarbis, kashi 10 cikin 100. Jika biyu da dala arba'in ke nan, wato sefa 2.200, a kan abin da na gani a takardar jerin abinci lokacin da muka zauna.

Na yafito yaron na ce, "Samari, wanga kuɗɗi na mi ne?"

Ya ce, "Na hidima ne, Alhaji. Dole ne, haka mai gida ya ce."

Na rage murya don kada baƙina su ji, na ce, "To ku ake ba?"

Ya waiga wajen kanta, ya dawo da idonsa ƙasa, ya ce, "Baba, mu dai ga takarda muke ganin su."

Na biya. Wa zai tsaya yana jayayya a kan jika biyu a gaban baƙon da ya tsallako iyaka dominsa? Na biya ina murmushin dole, na raka baƙina mota. Da na koma gida na kwanta sai na gane cewa wannan kunyar da ta sa na biya ita ce jarin da aka kafa abin a kanta. Wanda ya ƙirƙiro layin nan ya san Bahaushe. Ya san mutum zai gwammace a cuce shi da a ce ya yi rowa a gaban suruki ko abokin ciniki ko yarinyar da yake nema.

Alhazai, mu mutanen kasuwa ne tun kaka da kakanni. Garin nan da gyaɗa da fatauci aka san shi, kuma babu wani kuɗi da ke wucewa daga hannu zuwa hannu da ba mu raɗa masa suna ba. Akwai la'ada, ta dillali ce, kowa ya san ta tun kafin a ce albarka. Akwai ladan aiki, na ɗan dako da magini da mai wanki, ana yanka shi kafin a ɗaga kaya. Akwai goro, wanda ake miƙa wa wanda ya yi maka wani ɗan ƙoƙari. Akwai tukuici, na ɗan aiken da ya kawo maka kyauta ko albishir, mai bayarwa shi ke auna shi da zuciyarsa da aljihunsa, shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukuici. Sai a yaba tukuna. Akwai kuma gyara, wadda na fi so mu tsaya a kanta, domin ita daga hannun mai sayarwa take fitowa. Ka sayi tiyar gero a ƙara maka ɗan tafi, ka sayi tsire mai nama ya yanko wata ƴar tsoka ya ɗora, ka sayi ƙosai a jefa maka ɗaya a kai. A kasuwarmu ƙarin da ke biyo bayan ciniki mai kaya ne ke yin sa don ya riƙe mai saye. Ku duba layin nan na faktir ku gaya mini a cikin waɗannan wanne ne. Idan la'ada ce, me ya sa ba a faɗe ta tun farko ba? Idan ladan aiki ne, ai tsakaninku ne da yaranku. Idan tukuici ne, yaushe ɗan aike ya fara yanka wa mutum tukuici, har ya rubuta a takarda, har kuma wanda ya aiko shi ya karɓe? Gyara ce aka juya ta kai ƙasa, mai saye ne yanzu zai yi wa mai kaya gyara, kuma ko ya ji daɗin cinikin ko bai ji ba.

Na san amsar da wasunku za su bayar: haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. To mu je can ɗin.

A Amurka ne abin ya fi ƙarfi, inda mai cin abinci ke ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100, wanda bai ƙara ba kuwa ana kallonsa kamar ya yi sata. Amma akwai dalili. Dokar tarayyar ƙasar ta yarda mai gidan abinci ya biya ma'aikacin da ke samun tukuici dalar Amurka 2.13 kacal a awa, kuma adadin nan bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7.25 ne tun 2009. Wasu jihohin sun ɗaga nasu, wasu sun bar shi yadda yake. Wato a can mai gida ya sauke nauyin albashin yaronsa a wuyan mai cin abinci, doka kuma ta sa masa hannu. Asalin abin ma ba abin alfahari ba ne. Bayan an haramta bauta a ƙasar, kamfanin Pullman mai taragun kwana na jirgin ƙasa ya ɗebi baƙaƙen fata da aka ƴanta, yana ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sauran su nema a hannun fasinja. Duk da haka dokar tasu ta ce idan tukuicin bai cike wa ma'aikaci dala 7.25 ɗin ba, mai gida ne zai cike. Wannan ɓangaren ban ji kowa a nan yana ambatonsa ba.

Faransa, wadda da harshenta ake rubuta mana faktir, ta bi wata hanya. Tun 1987 doka ta ce kuɗin da aka rubuta a gaban kowane abinci ya haɗa har da na hidima. Abin da ka gani shi za ka biya. Idan ka ga dama ka bar ƴan canji a kan tebur, shi ne abin da suke ce wa purbuwar, ma'anarsa na shan wani abu, kusan yadda mu muke cewa na goro. A Japan kuwa ba a bayarwa sam, ma'aikaci na iya biyo ka waje da kuɗin yana zaton mantuwa ka yi. Ingila ta ga yadda wasu masu gida ke haɗiye abin da aka bar wa yara, sai ta yi dokar da ta fara aiki a watan Oktoban 2024, wadda ta tilasta a miƙa wa ma'aikata kuɗin gaba ɗaya. A Indiya hukumar kare haƙƙin masu saye ta hana a riƙa liƙa kuɗin hidima a kan faktir kai tsaye tun 2022, masu gidajen abinci suka kai ƙara, babbar kotun Delhi ta ba hukumar gaskiya a 2025.

Duk inda aka leƙa, ko dai an sa kuɗin a cikin farashi a fili, ko an bar shi ga ganin damar mai ci, ko an kafa doka mai tabbatar da cewa ya isa hannun wanda ya yi gumin. Wanda na gani ranar Alhamis ɗin nan ya ɗauko tilas daga wani wuri, ya ɗauko rubutu a takarda daga wani wuri, ya bar kariyar duka a can. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yawancinku kun je Makka, wasunku ba sau ɗaya ba, kuma kun fi ni zama gaban malamai, don haka tunatarwa kawai zan yi. Ciniki a addininmu sai da yardar juna, aya ta 29 a cikin Suratun Nisa'i ta faɗa ƙarara. Malamanmu na Malikiyya kuma suna karantar da mu cewa daga sharuɗɗan ingancin ciniki akwai sanin farashi ga mai saye da mai sayarwa lokacin ƙulla shi. Mutumin da ya zauna ya ga zabuwa jika kaza, ya ce a kawo, a kan jika kazan nan ya ƙulla. Ƙarin da ya ɓullo bayan abincin ya shiga ciki, lokacin da ba halin mayarwa, da wace yarda aka karɓe shi? Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake bayarwa ba. Ku kai faktir ɗin gaban limamin unguwarku, ku gaya masa ba a sanar da mai ci tun farko ba, ku gaya masa kuma inda kuɗin ke tafiya, ku ji abin da zai ce.

Ban manta da halin da kuke ciki ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina. Wanda ke da firiji cike da kaji da kifi a watannin nan shi ya san abin da ya ƙona na man gurup, wato janareta. Kafin wannan ma mun sha rufewar 2019 zuwa ƙarshen 2020. Naira ta faɗi, baƙin da ke tsallakowa su ci su sha suna zuwa da aljihu mara nauyi. Ga TVA, harajin da ake ɗorawa a kan ciniki, a kan waɗanda ke biyanta, ga haraji, ga hayar gida, ga buhun shinkafa da jarkar mai da ba sa jin kira. Duk na yarda. Idan farantin da kuke sayarwa jika uku ba zai fitar da ku ba sai an ƙara dala sittin, ku goge jika ukun ku rubuta sabon kuɗin. Mai iya ci ya ci, wanda ba zai iya ba ya nufi inda ya fi masa sauƙi, ba wanda ya zalunci wani. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, abin da ke hana a yi haka tsoro ne kada maƙwabci ya zama kamar ya fi araha. Sai a bar tsohon farashi a takarda don a jawo mutum, a tare shi da sauran a bakin ƙofa. Wanda ya lotsa gindin tiya ma dabararsa ke nan, ido ya ga cikakken awo, buhu ya ga ragi.

Yanzu ga tambayar da na fi daɗewa ina juyawa, domin a kanta ne ni da abokaina muka saɓa a majalisa: yaron da bai kyauta hidima ba, ya cancanci a ba shi wani abu?

Wani abokina ya ce a ba shi ko yaya, talaka ne, wataƙila da ɗan abin nan zai sayi maganin mahaifiyarsa. Na ce masa wannan sadaka yake nufi, ita kuwa ƙofarta a buɗe take kullum, ba ta tambayar ko shinkafa ta huce. Wanda ya ga yaro a wahale ya tausaya masa, Allah Ya ba shi lada. Tukuici kuwa yabo ne da aka mayar kuɗi. Idan na ba da shi ga wanda ya bar ni ina kiran ruwa sau uku, na yi ƙarya da aljihuna, na kuma zalunci yaron da ke gefe wanda ya wuni yana gudu da fara'a, tunda na nuna masa cewa da shi da malalaci duk ɗaya ne. Don haka amsata ita ce a'a, mummunar hidima ba ta cin tukuici. Sai dai ban tsaya nan ba, saboda na taɓa zama yaron nan.

Wa ya hutar da shinkafar? Lokacin da muke jira na ƙirga, yara biyu ne ke kula da ɗakin gaba ɗaya, tebur ya fi goma. Zabuwar da ta zama kaza, ba yaron ne ya je kasuwa da safe ba. Gas ya ƙare a madafa, mai dafuwa ɗaya ce, an karɓi odar abin da babu don kada a ce wa baƙo babu, duk wannan shawarar mai gida ce, amma fuskar yaron ce a gabanmu, shi ke shan harara. Da yawansu an ɗauko su ne daga ƙauye ko daga gidan dangi, aka ba su farar riga, ba wanda ya zaunar da su ko na yini ɗaya ya koya musu yadda ake tarbar mutum, yadda ake cewa "a yi haƙuri, zai ɗan ɗauki lokaci", yadda ake dawowa a ce "zabuwa ta ƙare, a kawo kaza?" Kalma shida ce, da an faɗe ta da wataƙila ban rubuta wannan takarda ba. Wani kuma yana bin albashin wata biyu, an ce ya yi haƙuri kasuwa ba ta tafiya. Mai jin yunwa yana ɗauke da gasasshen naman da ba zai taɓa ba, a ce kuma ya yi murmushi.

Ba ina wanke yaran tas ba ne. Akwai wanda idonsa na kan waya, akwai wanda idan ana ƙwallo a talabijin sai ka yi tafi kafin ya waigo. Akwai kuma halin da ya fi ba ni haushi, na auna mutum tun daga bakin ƙofa. Wanda ya sauko daga farar motar ƙungiyar agaji, ko mai shadda da ta sha bugu, kafin ya zauna an goge masa tebur. Wanda ya sauko daga kabu-kabu da ƙura a ƙafa, malamin makaranta ne ko ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya tara ƴan kuɗinsa don ya fita kunyar baƙo, sai ya bushe a kujera. Wannan halin kwaɗayin tukuici ne ke haifar da shi a inda albashi bai isa ba, domin yaron da cikinsa ya dogara ga abin da baƙo zai bari dole ya koyi karanta aljihu. Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. A gidajen abinci da yawa na farkon ne ke haifar da na biyun.

Layin dole ɗin nan kuwa ba ya gyara ko ɗaya daga ciki. Idan kuɗin na zuwa ko an kyauta ko ba a kyauta ba, me zai sa a kyauta? Idan kuma ba ya isa ga yaron, to an yi masa ɓarna biyu, domin mai cin da ya yi niyyar ba shi dala ashirin ko hamsin zai ga an riga an cire na hidima, ya mayar da hannunsa aljihu. Ni kaina haka na yi ranar. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Bari in ɗan juya ga ƴan uwana masu ci, tunda na san su ma za su karanta. Wasunmu ba mu da kyau. Mutum ya shigo yana tsaki, yana kiran ɗan wani da "kai!" kamar yana kora akuya, ya ɓata tebur, ya ci na jika talatin, sannan ya tsaya ƙiƙam yana jiran canjin dala biyar. Mafi muni, waɗanda ke riƙe ɗan abin da za su bayar kamar ƙugiya a gaban ƴan matan da ke aiki a wuraren nan, sai an yi musu dariya, sai an ba su lambar waya. Yarinyar da ke da cikakken albashi za ta iya ɗaure fuska ta wuce. Wadda abincin gidansu ke rataye a hannun irin wannan mutum fa? Hajiyoyi, ku da kuke da ƴaƴa mata, wannan kaɗai ya isa ya sa ku duba maganar albashi. Haka nan hana tukuici a yi shiru ba ya koya wa kowa komai, yaron zai ɗauka marowaci ne ya zo. Wanda bai ji daɗi ba ya nemi mai gida ya faɗa masa cikin mutunci, ba tare da ya tozarta yaro a gaban jama'a ba. Ni ma ban yi haka ba ranar, kunya ta hana ni, shi ya sa nake yi yanzu.

Gwaggona ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma tana da ƙa'ida. Idan direba ya ce miya ta yi tsami, sai ta ɗanɗana a gabansa. In gaskiyarsa ce ta mayar masa da kuɗinsa, ko ta ce in kawo masa fura a madadi. In kuwa neman rigima yake, ta gaya masa ba ta ɓoye ba. Wasu sun dawo, wasu ba mu sake ganinsu ba. Kullum tana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta yarda mu tarbi mutum da hannu a jiƙe ba. Mu yaranta, da magariba kafin ta ƙirga ribarta sai ta fara ware namu, tana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Abin da direba ya miƙa mini na goro kuwa nawa ne, ba ta taɓa tambayata ko nawa ba ne. Ranar da na yi ƙiwuya ba na samu, kuma na san dalili ba sai an gaya mini ba.

Abin da nake roƙonku bai fi wannan ba. Ku goge layin, ku sa duk abin da kuke buƙata a cikin farashin da mutum zai gani kafin ya ce a kawo. Ku biya yaranku daga aljihunku. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya daɗe a sefa 30.047 tun 2012, aka ɗaga shi zuwa jika 42 daga farkon 2024. Idan aka raba wa kwana talatin, jika ɗaya da dala tamanin ke nan a yini, bai kai kuɗin farantin da yaron ke ɗauka sau hamsin a rana ba. Duk mai gidan da ke da kilim da farin ƙyalle amma yaransa ba su kai wannan ba, ko ba a rubuta sunansu a CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, ba, bai kamata ya furta kalmar hidima ba. Masu duba harkar ƙwadago na jiha ma wannan aikinsu ne, kuma ba sai sun jira an kai ƙara ba, gidajen nan a bakin titi suke.

Wanda ya ce shi lallai sai ya riƙe layinsa, to ya rubuta a bakin ƙofa da saman takardar jerin abinci, da manyan baƙaƙe, da Faransanci da Hausa, yadda mai shigowa zai gani kafin ya zauna. A ƙarshen mako ya tara ma'aikata ya buɗe littafi a gabansu, a raba har da mai dafuwa da mai wanke-wanke da mai shara, waɗanda baƙo ba ya gani amma ba don su ba da ba a ci ba. Ranar da aka bar mutum ya wuce awa yana jira, ko aka kawo masa abin da bai ce ba, a soke layin tun kafin ya buɗe baki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mako biyu bayan waccan Alhamis na sake bi ta gidan abincin da yamma, na tarar da yaron nan a waje yana zubar da ruwan wanke-wanke. Ya gane ni, ya rusuna ya gaishe ni, ya ce in yafe masa na ranar, su biyu ne kawai a bakin aiki, na ukunsu ya gudu saboda ba a biya shi ba. Na ba shi dala ɗari na ce ya sha ruwa, na kuma gaya masa wannan ba na hidimar ranar ba ne, na gaisuwar yau ne. Ya karɓa da hannu biyu, ya waiga wajen ƙofa, sannan ya duƙa ya cusa kuɗin a cikin safarsa.

Abokina na Katsina zai dawo wata mai kamawa. Da muka yi waya na ce masa wannan karon zan nemo wurin da ya fi na da. Ya yi dariya ya ce in rufa masa asiri, in kai shi wajen mai balangun nan na kusa da babbar kasuwa, a shimfiɗa mana takarda a kan benci.

Wassalam. Allah Ya ba da kasuwa.

Naku,
wani tsohon yaron mai tuwo, daga unguwar Bagalam, Maradi.